Laccar Fagam: A Tare Tabar Lantarki Tun Ba Ta Zauna A Kasuwarmu Ba

Wannan ita ce laccar da sakataren reshen jam'iyyarmu na Gwaram ya yi a Fagam ran kasuwa, bayan sallar la'asar, a gaban 'yan jam'iyya da masu tebur da 'yan tireda da mutanen ƙauyuka waɗanda suka zo cin kasuwa. Mun buga ta duka yadda aka yi ta, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Assalamu alaikum. Malamai, dattawa, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwana talakawa, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka bar tebura da rumfuna kuka taru ku saurare ni. Na sani waɗansu sun zo ne suna tsammanin za a yi maganar taki da haraji da kuɗin mota. Wannan magana tana nan, ba mu yar da ita ba. Amma yau wata 'yar aba ce ta kawo ni, wadda ba ta fi biro tsawo ba, wadda kuma in muka yi sakaci da ita sai ta cinye kuɗin takin da kuɗin motar, ta haɗa da lafiyar 'ya'yanmu.

Kwanakin baya na shiga mota daga Kano zan zo Birnin Kudu. Kusa da ni akwai wani yaro, ko gemu bai fara fito masa ba, da ƙyar in ya kai shekara goma sha shida. Muna wuce Wudil sai na ji ƙanshin mangwaro ya cika motar, alhali kuwa ba lokacin mangwaro ba ne. Na waiga, sai na ga yaron ya zaro wata aba mai launi daga aljihu, ya kai baki, ya zuƙa, ya fesar da farin hayaƙi ta taga. Na ce masa, "Samari, mece ce wannan?" Ya ce, "Baba, ai ba taba ba ce, turiri ne kawai, kamar na tafasasshen ruwa." Sai wani dattijo da ke gidan gaba ya ce, "To, madalla, tun da ba taba ba ce." Jama'a, wannan madalla ta dattijon nan ita ce ta tayar mini da hankali, ita ce kuma ta sa na roƙi reshe a bar ni in yi wannan lacca.

Sunan abar nan tabar lantarki, ni kuwa nakan ce mata shishar aljihu. Cikinta akwai abu uku: ɗan batir irin na wayar hannu, da wata 'yar waya da ke yin zafi in an zuƙa, da wani ruwa mai ɗan kauri. In wayar ta yi zafi sai ruwan ya zama hazo, mutum ya ja shi zuwa huhunsa. Ruwan nan kuwa ba ruwan rijiya ba ne. Haɗi ne na magungunan masana'anta, da kayan ƙanshi irin na alawa da minti da mangwaro da kankana, sa'an nan a yawancinsu akwai nikotin, watau ainihin gubar da ke cikin ganyen taba. Manoma da ke nan sun san ruwan da aka jiƙa taba a ciki yana kashe ƙwarin shuka. To, abin da ke kashe ƙwarin shi ne nikotin, kuma Turawa sun daɗe suna yin maganin ƙwari da shi. Shi ne yake kama mai shan sigari har ya tashi cikin dare yana neman kara ɗaya. Saboda haka yaron can ya yi kuskure, dattijon ma ya yi kuskure. An cire ganye an cire ashana, amma ƙugiyar tana nan.

Wani mai harhaɗa magani a ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, shi ya ƙera irin wadda ake sha yanzu a shekarar 2003, aka fara sayar da ita a 2004. Shi kansa mashayin sigari ne, ya ce ya yi ta ne domin ya sami hanyar dainawa. Da 'yan kasuwa suka ga akwai kuɗi a ciki sai suka duba, suka ga tsoho mai son barin taba ba zai daɗe yana saye ba, amma yaron da bai taɓa sha ba, in aka kama shi yana ɗan shekara goma sha biyar, an sami mai ciniki na shekara hamsin. Ku gaya mini, wane dattijo ne da ya shekara talatin yana busa sigari zai ce lalle sai an sa masa ƙanshin cingam? Don wa ake yi mata launin ja da kore da shuɗi kamar kayan wasa?

Ba zato nake yi ba. A Amurka wani kamfani mai suna Juul ya fito da tasa a 2015, 'yar ƙarama mai saukin ɓoyewa, kuma kamfanin da kansa ya faɗi cewa nikotin da ke cikin ɗan kwanson ruwansa guda ya kai na kwalin sigari mai kara 20. Kafin shekara uku ta cika makarantun ƙasar, har a watan Disamba na 2018 babban likitan gwamnatin Amurka ya ba da sanarwa cewa abin ya zama annoba tsakanin yara. A 2022 kamfanin ya yarda ya biya jihohi fiye da 30 kuɗi dala miliyan 438 da rabi, a kan binciken da suka yi na yadda ya riƙa tallata wa yara hajarsa. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shan tabar lantarki a duniya sun wuce miliyan 100, a cikinsu akwai aƙalla yara miliyan 15 'yan shekara 13 zuwa 15.

Me take yi wa yaro? Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin yana taɓa wuraren da ke kula da natsuwa da riƙe karatu da danne fushi. Yana sa zuciya bugawa da sauri, yana ɗaga jini. In mace mai ciki tana sha, yana isa ga ɗan da ke cikinta. In wayar nan ta yi zafi ƙwarai, hazon yakan ɗauko ƙwayoyin ƙarfe, har da dalma, da waɗansu magunguna masu ƙona huhu. Ga wani abu kuma da ya fi ba ni tsoro. Karan sigari yana ƙarewa, mai sha ya yar da guntu ya tashi. Wannan kuwa ba ta da guntu, yaro sai ya wuni yana zuƙa, a ɗaki, a makaranta, a bayan gida, bai san yawan abin da ya sha ba. A da, in yaro ya sha taba, uwarsa tana jin wari a rigarsa tun daga zaure. Yanzu sai ta ji ƙanshin alawa ta ce Allah ya yi maka albarka.

Har wa yau ruwan nan, in ƙaramin yaro ya same shi ya kurɓa don ya ji ƙanshin zaƙi, guba ce da ke iya kai shi lahira. Batirin kuma yakan fashe ya ƙone mutum a aljihu ko a baki, wanda aka yar a bola yakan ta da gobara. Ku da ke da rumfunan zana da na kara, kun san abin da tartsatsi ɗaya ke yi da rani.

Tsakanin 2019 da watan Fabrairu na 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibitocin Amurka da wani mugun ciwon huhu bayan sun sha tabar lantarki, da yawansu matasa, 68 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar yawanci wani mai ne mai kauri da 'yan bayan fage suka riƙa zubawa cikin ruwan da aka haɗa da wiwi, domin ya yi auki. Watau algus ne ya kashe su. To, ku 'yan kasuwa, wa zai koya muku labarin algus da jabu? In an yi haka a ƙasar da ke da ma'aikatan awo ko'ina, yaya ke nan a nan, inda kaya ke shigowa ta kan iyaka cikin buhu, ba wanda ya buɗe ya duba? Mai sayen gero yana ɗiba ya murza ya gani. Mai sayen wannan ruwa ba ya ganin komai sai hoton mangwaro a jikin kwali.

Jam'iyyarmu ba ta yi wa talaka ƙarya ko don ta ci magana, saboda haka bari in faɗi abin da ke gefen ta. Likitocin Ingila suna cewa mutumin da ya riga ya kamu da sigari, in ya bar shi gaba ɗaya ya koma tabar lantarki wadda hukuma ta auna, cutar da zai samu ta fi sauƙi, domin babu ƙuna babu kwalta. Amma su ɗin dai suka ƙara da cewa wanda ba ya shan taba kada ya kusance ta, kuma tallata wa yara ita laifi ne. A can an ƙayyade ƙarfin nikotin da za a sa, an hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma duk da haka sai da suka hana irin wadda ake sha a yar tun daga 1 ga Yuni, 2025, domin ta cika hannun yara ta cika bola. Cizon kunama ya fi saran maciji sauƙi, amma ba wanda ke ɗaukar kunama ya sa wa ɗansa a riga.

Wani zai ce, to ai ba mu ga wanda ta kashe a nan ba. Haka iyayenmu suka ce game da sigari. Turawa sun shekara hamsin suna busa shi, har ana buga hotunan likitoci a talla, kafin waɗansu masana biyu a Ingila, Doll da Hill, su nuna a 1950 cewa yana kawo ciwon dajin huhu. A 1964 gwamnatin Amurka ta tabbatar da haka. Ku lura da kyau: a 1959, shekara tara bayan an san gaskiya, aka buɗe masana'antar sigari a Zariya, aka riƙa ba manoma iri, aka riƙa tallar sa a kasuwanni kamar alamar wayewa. Yau taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya. Sai a 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Legas da waɗansu suka kai kamfanonin taba ƙara suna neman kuɗin jinyar mutanensu, bayan an riga an binne waɗanda aka binne. Tabar lantarki kuwa shekararta ashirin da 'yan kai a duniya, yaran da suka fara sha ba su tsufa ba tukuna. Da huhun 'ya'yan wa za a gwada ta?

Ku duba abin da waɗansu ƙasashe suka yi. Indiya ta hana ta gaba ɗaya a 2019, ba yi, ba shigowa da ita, ba sayarwa. A Ostireliya tun 2024 ba a sayar da ita sai a kantin magani. Ita kanta ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawanta a birnin Shenzhen, tun watan Oktoba na 2022 ta hana sayar wa mutanenta mai ƙanshin 'ya'yan itace da na alawa, amma ba ta hana a ƙera a aika waje ba. Kun ji fa. Mai tuwo ya hana 'ya'yansa ci, ya ɗauko ya kawo kasuwa. In manyan kasuwanni suka rufe ƙofa, ina kuke tsammani za a nufa da sauran kayan? Inda ƙofa take buɗe mana, inda matasa suka yi yawa, inda mahukunta suke barci.

Mu zo gida. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. A 2015 aka sa hannu a Dokar Kayyade Taba ta Ƙasa, aka fito da ƙa'idodinta a 2019. Dokar nan ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana aiken yaro ya sayar, ta hana talla, ta hana busawa a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali ɗungurungum. Ina tambayarku, masu tebur, tsakaninku da Allah: tun 2015 wa ya taɓa zuwa ya karanta muku wannan doka da Hausa? Mai karɓar kuɗin rumfa bai taɓa fashi ba ko ran kasuwa ɗaya, amma duba-gari da zai yi muku bayanin lafiya, yaushe rabonku da shi? Sa'an nan dokar 2015 ɗin an rubuta ta ne ana duban tabar ganye, ba a ware wa tabar lantarki babinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shisha ma haka aka yi da ita. A 2018 Ministan Lafiya na wancan lokaci, Isaac Adewole, ya ba da umurni a hana taba mai ƙanshi, har da shisha. A 2021 Gwamnatin Jihar Kano ta ba da tata sanarwar hana shisha. Duk wanda ke zuwa birni ya san sanarwa daban, aiki da ita daban. Tukunyar shisha kuwa babba ce, ana ganinta, ana jin ƙararta. In an kasa tare mai tukunya da mesa, yaya za a yi da wadda ke shiga aljihun wando?

Kada kuma ku ce wannan abin 'yan birni ne, ba ruwan Fagam. Ku tuna da kodin. Maganin tari ne mai zaƙi, ya shigo ta hannun 'yan kasuwa, kwalba-kwalba, kowa yana cewa ai magani ne. Samari suka kamu, 'yan mata suka kamu, har matan aure a cikin ɗaki, a Kano da nan Jigawa. Hukuma tana gani ta yi shiru, sai da BBC ta nuna wa duniya abin kunyar a 2018, washegari aka hana shigowa da shi da yin sa. Gidaje nawa suka lalace kafin ranar nan? Abin da ya kwana a Kano yau, gobe yana Birnin Kudu, jibi yana Sara da Gwaram da Fagam da Basirka, domin mota ɗaya ce ke kawo sabulu da batir da alawa da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku yi lissafi kuma irin naku na kasuwa. A ce yaro ya kamu, yana kashe naira 500 kullum a kan nikotin. A wata naira 15,000 ke nan, a shekara ta wuce 180,000. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta yanke a 2024 naira 70,000 ne, watau yaron ya ƙone fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin magidanci. Yaron da ba shi da sana'a, ina zai samo? Daga rumbun ubansa, daga asusun uwarsa, daga aljihun teburinka. In ciwo ya zo kuma, ɗan mai mulki jirgi zai hau. Naka sai ka sayar da akuya ka ɗauki shatar mota zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu ko Dutse, ka kwana a baranda kana jiran a rubuto magani ka je ka saya.

To, me za mu yi? Tun zamanin NEPU da Malam Aminu Kano, a shekarun 1950, darasin da aka koya wa talaka shi ne kada ya zauna jiran wani ya ƙwato masa haƙƙinsa. Ba mu da kwastan, ba mu da 'yan sanda, amma ƙofar garin nan a hannunku take, domin ba abin da ke isa hannun yaro sai ya bi ta kan teburin wani. In ka je Kano sari, aka ce ga sabon kaya mai riba, ka ce a bar shi. Na san abin da wani ke faɗi a ransa: in ni ban sayar ba, maƙwabcina zai sayar, ya cinye ribar, ni in tashi a tutar babu. Gaskiya ne, in kai kaɗai ne. Shi ya sa muke roƙon shugabannin kasuwa da na tasha da ƙungiyar masu shayi da ta 'yan acaɓa su zauna su yanke magana ɗaya, yadda kuke yanke farashin awo kowa ya bi: ba tabar lantarki a kasuwar Fagam, kuma ba mai miƙa wa yaro sigari ko da ya ce babansa ne ya aiko shi. Wanda ya saɓa, ku kun san yadda kuke yi da mai tauye mudu. Ka tuna kuma, ran da kake sayar wa ɗan wani, wani yana can yana sayar wa naka.

Iyaye, ku riƙa duba abin da ke hannun 'ya'yanku. In kun ga wata aba kamar biro ko kamar 'yar kwalbar turare mai bakin tsotsa, ko wadda ake sa wa caji alhali ba waya ba ce ba tocila ba, ku tambaya. In kun tarar yaro ya riga ya kamu, duka ba ya cire nikotin daga jini. Zai yi kwanaki yana fushi, yana ciwon kai, barci na gagarar sa, amma mafi tsananin abin yakan wuce cikin 'yan makonni. Ku ja shi a jiki, ku kai shi wurin malamin asibiti. Ku kuma dattawan da ke fama da sigari kuna son bari, ku nemi shawarar likita, kada ku nemi ta mai talla. Malamanmu, kun fi ni sanin cewa addini ya hana mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani, muna roƙonku ku sa wannan magana cikin huɗuba da karatu.

Ga mahukunta kuwa, reshen nan zai rubuta takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mu miƙa ta ga shugaban Ƙaramar Hukumar Gwaram da wakilanmu na Majalisar Dokoki a Dutse da na Abuja. Abin da muke nema huɗu ne. Na ɗaya, a sa tabar lantarki cikin dokar taba da sunanta ƙarara, a hana sayar wa yara da tallata ta. Na biyu, a hana shigowa da mai ƙanshin alawa da 'ya'yan itace da wadda ake sha a yar, kuma duk wadda ta shigo a auna abin da ke cikinta. Na uku, a fassara dokar taba da Hausa da Fulatanci, a karanta ta a rediyo da kasuwanni da makarantu, a maido da duba-gari bakin aikinsu. Na huɗu, daga cikin harajin da Gwamnati ke karɓa a kan taba, a ware abin da za a taimaki mai son dainawa a kowane ƙaramin asibiti, ba da kuɗinsa ba. Wanda ya zo neman ƙuri'arku, ko daga wace jam'iyya yake, har tamu, ku tambaye shi me ya yi da takardar nan.

Jama'a, rana ta yi sanyi, masu nisa suna son kama hanya. Rigakafi ya fi magani, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya sa albarka a kasuwarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.